FURFURAR ARO: Ra'ayina Game da Masu Tsofar da Sabuwar Takarda

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wani al'amari da ya faru tsakanina da abokin ɗakina a zangon karatun da ya gabata, wanda har yau in na tuna shi sai in ji gabana ya faɗi. Shi wannan aboki nawa ɗan sashen zane-zane ne, Bayarabe, mutumin kirki, kuma Allah Ya yi masa baiwar hannu. Tun ranar da muka haɗa ɗaki na rasa inda ganyen shayina yake shiga. Na ɗauka sha yake yi, ashe takardu yake yi wa wanka da shi.

Ga wanda bai taɓa ganin wannan aiki ba, bari in ɗan kwatanta masa. Mai yin sa yakan sami kwali ko guntun katako ko bangon littafi, sai ya riƙa liƙa masa tarkace iri-iri da gam: yagaggiyar jarida, ƙyallen atamfa, kan sarki, tikitin mota, maɓalli, tsohon mabuɗi, igiyar rama, har da busasshen ganye. Gamin-gambiza ke nan, amma da gangan kuma da tsari. Bayan ya gama liƙe-liƙe sai ya shiga aikin tsofarwa. Zai tsoma farar takarda cikin ruwan shayi mai kauri ko na kofi, ya cukuikuye ta, ya shanya, ya bi ta da dutsen guga. Zai dangwali tawada ruwan ƙasa da soso ya goga a gefe-gefenta domin su yi duhu kamar hannu ya daɗe yana taɓawa. In katako ne, sai ya shafa fenti mai duhu, in ya bushe ya goga kyandir a kusurwoyi, ya sake shafa mai haske a kai, sannan ya bi da samfefa. Duk inda kakin kyandir ya taɓa, fentin sama ba ya kamawa, sai ya ɓare ya bar na ƙasa yana leƙe, kai ka ce ƙyauren da ya ga damina hamsin ne. In so yake fenti ya tsattsage, farin gam yake shafawa a ƙasa, ya ɗora fentin tun gam ɗin bai gama bushewa ba. In tsatsa yake so, sai ya naɗe ƙusoshi cikin ƙyallen da ya jiƙa da ruwan gishiri, bayan 'yan kwanaki ƙyallen ya ɗauki shatinsu. Daga ƙarshe sai hatimi, ko na roba da ake saya a kanti, ko wanda ya sassaƙa da reza a jikin tsohon silifa. A nan ma akwai dabara: bugun farko a kan takardar banza yake yin sa, bugu na biyu ne yake ɗorawa a kan aikin, don tawadar ta fito dishi-dishi kamar ta sha shekaru.

Asalin wannan fasaha dai a ƙasashen Turawa yake. A shekarar 1912 wasu mazana biyu a Faransa, Pablo Picasso da Georges Braque, suka fara liƙa yankakkun takardu a jikin zanensu maimakon su tsaya ga fenti kaɗai. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wani Bajamushe mai suna Kurt Schwitters ya riƙa tsintar tikitin mota da sauran shara a titi yana haɗa hotuna da su. Daga baya abin ya sauko daga hannun manyan mazana ya zama aikin nishaɗi na cikin gida, musamman a Amurka, inda mutane ke ƙawata littafin ajiye hotunan iyali da katin gaisuwa. Har akwai wani kamfani a can mai suna Ranger da yake sayar da tawada ta musamman mai suna Distress, wadda wani mutum, Tim Holtz, ya tsara launukanta. In ka fassara sunayen launukan sai ka ji abin dariya: akwai "tsohon hoto", akwai "tsohuwar takarda", akwai "rinin shayi". Wato dai tsufa ce aka ɗura a gwangwani ana sayarwa.

Farkon ganina da abin, dariya na yi wa abokina. Na ce masa mu da komai namu yake tsufa ba mu roƙa ba, daga kujerun ajinmu zuwa littattafan laburare, mene ne na wahalar tsofar da sabo? Sai ya nuna mini wandon jins ɗin da ke jikina, wanda na saya a koɗe, har da 'yar yagewa a gwiwa, kuma da tsada fiye da mai lafiya. Na yi shiru. Gaskiyarsa, mutumin da sababbin kayan kamfani masu ƙyalli suka ishe shi, shi ne yake marmarin abin da ya yi kama da mai tarihi.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa wannan aiki shirme ne ko kwaikwayon Bature kawai. Buga hatimi don ado tsohon abu ne a wannan yanki namu. Dukawan Kano da na Sakkwato suna da 'yan ƙarafuna masu zane a baki da suke bugawa a jikin fata su fitar da ado a jaka da titimi da gafaka, bayan sun rina ta da karan dafi ko kuloko. A Ntonso kusa da Kumasi, Asantawa suna sassaƙa hatimi daga guntun ƙwarya, su tsoma cikin baƙin rinin da suka dafa daga ɓawon itace, su buga a yadi, shi ne adinkra. Akwai wanda wani Bature mai suna Bowdich ya ɗauka daga Kumasi a 1817, yana nan a gidan tarihin Birtaniya. Duk wanda ya shiga kasuwar Itoku a Abeokuta zai ga yadin da aka buga wa hatimin narkakken kaki kafin a tsoma shi a rini. A fagen gamin-gambiza kuwa, ba sai mun ƙetare teku ba. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya, ya shahara da ayyukan da yake yi wa launin tsohuwar tagulla. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975, ya fara ne da ƙona alamomi a jikin akushin katako na 'yan kasuwa da ƙarfen da ya sha wuta, daga baya ya koma ɗinke dubban marafen kwalabe da waya, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin zane na Venice a 2015. Ga kuma masu shirya fim da wasan kwaikwayo, waɗanda in labari ya faru a zamanin Shehu ba za su miƙa wa ɗan wasa farar takardar fotokwafi a matsayin wasiƙar sarki ba. Sana'a ce halal, kuma ana cin abinci da ita.

To ina matsalar take? Bari in koma kan labarina.

Kakana fatauci ya kawo shi Shagamu, ya zauna a Sabo yana sayen goro yana aikawa Arewa har Allah Ya yi masa rasuwa. Ya bar wata gafaka cike da takardu na ajami: lissafin huhunan goro, sunayen masu bashi, wasiƙu daga abokan cinikinsa, da wasu 'yan warƙoƙi da suka fi sauran tsufa, waɗanda Baba ya ce na malamin kakan ne. Da aka ba mu aikin gida a kan rubutun ajami, sai na roƙi Baba ya ara mini gafakar. Bai ba ni ba sai da ya ja mini kunne sau uku. Ranar da na buɗe ta a ɗaki, abokina ya yi tsaye a kaina kamar ya ga zinariya. Ya daɗe yana kallon yadda gefen takardun ya yi ja, da inda gara ta ɗan taɓa, da shatin ruwan da ya taɓa zuba a kan wata. Sannan ya ce in taimaka masa da warƙa biyu kacal, zai yayyaga su ya liƙa a babban aikinsa na kammala karatu.

Na ce masa ko kusa. Bai ji daɗi ba, don shi a ganinsa lissafin goron da aka cinye shekara saba'in da suka wuce ba shi da sauran amfani, gara ya shiga aikin da jama'a za su gani. Muka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe muka daidaita a kan cewa zan kwafe masa wasiƙa ɗaya da hannuna a sabuwar takarda, shi kuma ya tsofar da ita. Na feƙe alƙalamin kara, na dama tawada da ƙaro kamar yadda muka koya a makarantar allo, na kwafe. Shi kuma ya yi kwana uku yana fama da ita, shayi, hayaƙin kyandir, samfefa, har da huda 'yan ƙananan ramuka da allura mai zafi. Ya sassaƙa wani hatimi mai kusurwa takwas ya buga a sama. Wallahi da ya ajiye ta kusa da ta ainihi, ni da na rubuta da hannuna sai da na sake dubawa.

Ranar baje kolin ayyukan ɗaliban sashensu, wani mutum mai shiga ta alfarma ya tsaya a gaban aikin ya ƙi gaba. Ya kira abokina gefe ya tambaye shi inda ya samo wannan takarda, ya ce in zai ɓamɓare masa ita zai biya naira dubu 150. A lokacin abokin nan nawa ko kuɗin makaranta bai gama biya ba. Ya kalle ni, na kalle shi. Allah Ya taimake shi ya faɗi gaskiya, ya ce, "Yallaɓai, wannan takarda ba ta kai wata guda ba, ga ma wanda ya rubuta ta." Na zaci mutumin zai ji kunya ya wuce. Sai ya yi dariya ya ce ai hakan ya fi, in za mu iya yi masa guda ashirin irinta zai saya duka, sharaɗinsa ɗaya ne: kada mu sa suna ko kwanan wata a ko'ina. Ya ajiye katinsa ya tafi.

Wannan sharaɗi nasa shi ne ya buɗe mini ido. Shayin da tawadar da hatimin duk ba su canza ba. Abin da zai mayar da aikin abokina daga ado zuwa damfara kalma biyu ce kawai za a cire, sunan wanda ya yi da shekarar da ya yi.

Kada mai karatu ya ɗauka ruwan shayi ya yi kaɗan ya ruɗi masu ilimi. A watan Afrilu na 1983 mujallar Stern ta Jamus ta shelanta wa duniya cewa ta samo littattafan sirri na Hitler wajen guda 60, waɗanda ta biya mak miliyan 9.3 a kansu. Har wani babban masanin tarihi na Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya fara gaskata su. Ashe wani ɗan damfara ne a Stuttgart mai suna Konrad Kujau ya rubuta su a littattafan rubutu na kanti, ya yayyafa musu shayi, ya bubbuga su a jikin tebur don su ji jiki, ya liƙa musu hatimin jan kaki. Hatta haruffan da ya manna a bango kuskure ya yi, ya sa F a inda A ya kamata. Cikin mako biyu ma'aikatar adana takardun tarihi ta Jamus ta gano cewa takardar tana ɗauke da sinadarin ƙara fari wanda sai bayan yaƙi aka fara sa wa takarda. A 1985 aka ɗaure shi shekara huɗu da rabi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da ya fito sai ya buɗe shago yana kwaikwayon zanen manyan mazana yana sa sunansa a jiki, mutane na saye da saninsu, kuma babu wanda ya sake kama shi a kan wannan. Hannun da ya kai shi kurkuku shi ne ya ci gaba da ciyar da shi.

Mu ma Hausawa kada mu yi saurin wanke kanmu. Wani mai bincike, Christopher Steiner, ya zauna da dillalan kayan gargajiya a Abijan ya fitar da littafi a 1994, inda ya nuna cewa Hausawa suna cikin manyan masu wannan fatauci, ya kuma bayyana yadda ake tsofar da sabon sassaƙe don ya dace da abin da Bature yake nema. Dabarun sanannu ne: a rataye abu a madafa ya sha hayaƙi, a binne shi gara ta ɗan lasa, a tauna goro a fesa masa. Gumakan yumɓu na Nok ma ba su tsira ba. Da yake akwai gwajin da ke nuna lokacin da aka gasa yumɓu, sai 'yan damfara suka koma harhaɗa tsofaffin ɓaraguzai na gaske da sabon yumɓu, ta yadda in an ɗebi samfur daga tsohon ɓangaren sai gwajin ya ba da shaida. Wani zai ce ai Baturen ne ya ja, shi ya ƙi sabo ya nace sai tsoho. Na yarda yana da nasa laifin, amma kwaɗayin mai saye bai taɓa halatta algus ba. Ta fuskar doka ma, mai wannan ciniki ba shi da mafita. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta sa rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana cinikinsu barkatai da fitar da su waje ba izini. In takardar ta gaske ce ka taka wannan doka, in ta jabu ce kuma ga sashe na 419 yana jiran ka.

Amma abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa ya wuce maganar kotu. Da yawa daga rubuce-rubucenmu na ajami ba su da kwanan wata. Masu bincike a Gidan Arewa na Kaduna, ko a Cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato, ko a jami'ar Ibadan, sukan kintaci shekarun takarda ne ta hanyar salon hannu da irin tawada da irin takardar kanta. In aka cika kasuwa da jabu, wata rana ɗalibi irina zai gina kundin digirinsa a kan wasiƙar da aka rubuta a ɗakin kwanan ɗalibai da ruwan Lipton. Kuma kowa ya san yadda ake neman tsohuwar takarda ruwa a jallo in rigimar fili ko ta gadon sarauta ta tashi.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne roƙon da abokina ya fara yi, na yayyaga ta gaske. Wannan ɓarna ta ma fi ta jabu muni, domin jabu ana iya gano ta a jefar, amma warƙar da aka yaga aka shafe da gam ta tafi ke nan. An yi wani malamin zane a Amurka, Otto Ege, wanda ya riƙa farke tsofaffin littattafan Turai na rubutun hannu yana sayar da su warƙa-warƙa, yana cewa yaɗa ilimi yake yi. Ya mutu tun 1951, amma har yanzu masana suna bin duniya suna ƙoƙarin gano inda sassan suka watsu. Lissafin goron kakana da abokina ya raina, a cikinsa ne na ga farashin huhu, da garuruwan da ake kai kaya, da yadda Bahaushen Kurmi yake rubuta sunayen Yarbawa da baƙaƙen Larabci. Babu littafin da zai ba ni wannan. Sannan akwai wani haɗari da ya kamata mu da muke zaune cikin waɗanda ba su karanta baƙin Larabci mu faɗakar da abokanmu a kai. Wanda bai iya karatun ba, ba zai bambance lissafin bashi da warƙar Alƙur'ani ba, kuma hatta wasiƙar ciniki da Bisimilla take farawa. Abokina da zuciya ɗaya zai iya bin sunan Allah da samfefa ya babbaka gefensa da kyandir bai sani ba. Shi ya sa da na kwafe masa wasiƙar na tsallake layin farko da addu'ar ƙarshe.

Don haka kirana ga duk mai sha'awar wannan fasaha a cikinmu, ya yi abinsa, ya tsofar da takarda yadda ransa yake so, amma ya sassaƙa hatimi guda na musamman mai ɗauke da sunansa da shekara, ya buga a jikin duk abin da ya tsofar, da tawadar da ba ta wankuwa, kuma a kan takardar kanta, don in a bayan allon ya buga ana iya ɓamɓare ta a bar shi da allonsa. Abokina ya yi ƙorafin cewa wannan zai ɓata armashin aikin, mai kallo yana cikin mafarkin zamanin da sai ya ci karo da shekarar bana. Ni ban ga haka ba. Mai kallon fim ya san ɗan wasa ba sarki ba ne, bai hana shi jin daɗi ba. Asali ma hatimi a wurinmu shaida ce. Sarki da alƙali suna buga shi ne don a san takarda daga wurinsu ta fito, kuma malamanmu na da in sun gama kwafar littafi sukan rubuta sunansu a ƙarshe su roƙi mai karatu addu'a. Abin kunya ne a ce kayan aikin da aka ƙirƙira don tabbatar da gaskiya shi ne zai zama na rufe ta.

Ga wanda kuma aka kawo wa "tsohuwar" takarda, akwai 'yan abubuwan da na lura da su da na jera ta kakana da ta abokina. Shayi yakan rina ko'ina kusan daidai, alhali tsufar gaske tana bin inda hannu da iska suke kaiwa, musamman kusurwar ƙasa inda ɗan yatsa ke juya shafi. Ramin da ƙwaro ya yi yakan zarce daga warƙa zuwa ta ƙarƙashinta a wuri guda, ramin allura kuwa ba shi da ɗan'uwa. Tawadar bagaruwa da kashin maƙera takan koma ja-ja-ja, wani lokaci har ta ci takardar. In ka ɗaga tsohuwar warƙa a rana, sau da yawa za ka ga alama a cikin jikinta. A waɗancan na malamin kakana na ga jinjirin wata uku a jere, irin takardar da ake yi a arewacin Italiya, wadda fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara zuwa ƙasar Hausa. Farar takardar zamani kuwa, in ka ɗan kankare gefenta ka haska da fitilar nan ta duba jabun kuɗi, sai ka ga tana ƙyallin shuɗi.

Gafakar dai na mayar wa Baba bayan na ɗauki hoton kowace warƙa da waya, na kuma roƙe shi ya ɗauke ta daga ƙasan gado, don laimar Kudu ta fara sa mata hunhuna. Abokina ya sassaƙa hatimin sunansa, ya buga a ƙasan wasiƙar da na kwafa, ni ma na sa nawa da ajami a gefe. Katin mutumin nan kuwa yana cikin durowarsa har yanzu. Na ce ya yaga ya zubar, ya ce a'a, zai jiƙa shi da shayi ya liƙa a aikinsa na gaba.